Daga Kwarin Luwar Zuwa Ganuwar Kurfi: Ziyarar Wuraren Tarihi da Haƙƙin da Ke Kanmu

Lacca ga ɗalibai, malamai da dattawan ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma

  

  

Gabatarwa

An ɗora mini in yi magana a kan ziyarar wuraren tarihi, in kuma kawo misali daga wata ƙasa da ta yi nisa a wannan fanni. Na zaɓi Faransa, musamman wani kwari nata da ke cike da tsofaffin fadoji da gidajen sarauta, inda jama'a daga ko'ina a duniya ke tururuwar zuwa kallo. Za mu leƙa can mu gani, mu tambayi abin da ya sa gine-ginen suka kawo yau a tsaye, sannan mu juyo gida mu dubi namu. Maganar da nake so ku tafi da ita guda ce: tsohon gini yana tsira ne idan an sami mutanen da suka rubuta labarinsa, suka kare shi da doka, suka kuma riƙa kai 'ya'yansu su gan shi. Inda aka rasa waɗannan uku, ko da dutse aka yi shi sai ya zama kufai.

Abin da Mai Ziyara Ke Gani a Kwarin Luwar

Kogin Luwar shi ne mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000. A tsakiyar tafiyarsa, wajen biranen Orleyan da Buluwa da Tur, ƙasar tana da ni'ima, ga kuma wani farin dutse mai sauƙin sassaƙa da ake haƙowa a gaɓar kogin. Nan sarakunan Faransa da manyan fadawansu suka yi ta gine-gine tsawon ɗaruruwan shekaru. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya wani yanki na kwarin, mai tsawon kimanin kilomita 280, cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Wanda ya je da idon basira zai lura gine-ginen iri biyu ne. Na farko don yaƙi aka yi su: katanga mai kauri, 'yan tagogi ƙanana, a kan tudu. Irinsu ne fadar Shinon, inda a 1429 wata budurwa 'yar ƙauye mai suna Jan Dark ta sadu da Sarki Sharl na Bakwai, lokacin da Ingilishi suka mamaye wani babban ɓangare na ƙasar. Da yaƙin nan ya ƙare a 1453, hankali ya kwanta, sai salon gini ya sauya. Aka buɗe manyan tagogi, aka dasa lambuna, aka shiga gasar ado. Ashe ko ba a gaya maka komai ba, kallon bango kaɗai zai sanar da kai ko masu shi sun yi barci da ido biyu ko da ɗaya.

Mafi girma a cikin na ado shi ne Shambor. Sarki Faransuwa na Ɗaya ya sa aka fara gina shi a 1519. Ɗakunansa sun haura 400, katangar da ta zagaye dajinsa kuma ta kai kilomita 32. A tsakiyarsa akwai matattakala biyu da aka murɗe su tare, ta yadda mai hawa da mai sauka za su riƙa hango juna amma ba za su yi karo ba. Duk da dukiyar da aka narkar, kwanakin da sarkin ya yi a ciki duk rayuwarsa ba su kai wata uku ba. A 'yan shekarun nan masu ziyartarsa sukan haura miliyan ɗaya a shekara.

Akwai Shenonso, wanda aka ɗora wani sashe nasa a kan gada, ruwan kogin Sher yana wucewa ta ƙarƙashi. Mata ne suka fi yin tasiri a gininsa da tsaronsa, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya an mayar da dogon zaurensa asibiti, aka yi jinyar sojoji fiye da 2,000. Akwai kuma Ambuwaz, inda Sarki Faransuwa ya gayyato shahararren mai zanen nan na Italiya, Leonardo da Vinci, a 1516, ya ba shi gida kusa da fada, a can ya mutu a 1519.

Mu Musulmi muna da namu dalilin tuna Ambuwaz. A cikin fadar nan Faransawa suka tsare Amir Abdulƙadir, gwarzon Aljeriya da ya daɗe yana yaƙar mamayarsu, daga 1848 zuwa 1852, tare da iyalinsa da mabiyansa. Wasu daga cikinsu a can suka rasu, kaburburansu suna cikin lambun fadar har yau, an keɓe wurin an rubuta sunayensu. Wurin tarihi na gaskiya yana ajiye abin alfahari da abin takaici duka, domin na baya su gani su yi hukunci.

Ita kanta ziyarar a tsare take. Ka sayi tikiti a ƙofa, a ba ka takarda mai bayani cikin harshen da kake ji, ɗan jagora ya zaga da kai ɗaki-ɗaki. Za ka ga 'yan makaranta rukuni-rukuni da littattafansu, malami yana nuna musu abin da suka karanta a aji. An fitar da hanyar keke ta ɗaruruwan kilomitoci a bakin kogin, tana bi daga wannan fada zuwa waccan. Mai masauki, mai abinci, mai jirgin ruwa, mai lambu, masassaƙin dutse, duk suna cin abinci da gine-ginen da masu su suka mutu shekaru ɗari biyar da suka wuce.

Yadda Suka Kuɓuta Daga Rushewa

Kada wani ya zaci haka suke tun fil azal. Bayan juyin juya halin 1789, jama'ar da suka fusata da sarauta sun wawashe da yawa daga cikinsu. An yi gwanjon kayan ɗaki, an mayar da wasu barikin soja ko gidan yari, an rushe wasu an sayar da duwatsun. Ita kanta Ambuwaz, a farkon ƙarni na 19 aka rushe mafi yawanta, abin da ake kallo yau ɗan saura ne.

Abin da ya tsayar da ɓarnar shi ne, a 1830 gwamnati ta ƙirƙiro muƙamin babban sufeto mai kula da gine-ginen tarihi. A 1834 aka ba wani marubuci, Prosper Mérimée, wannan muƙami. Ya yi shekaru yana bin ƙasar gari-gari, yana dubawa, yana rubuta abin da ya tarar. A 1840 aka fitar da jerin farko na wuraren da suka cancanci a kare, wajen 1,000. A 1913 aka kafa dokar da ta hana rushe ko sauya irin waɗannan wurare ba tare da izini ba, ko da mallakar mutum ne. A 1930 gwamnati ta sayi Shambor. Masu hannu da shuni su ma sun taka rawa: a 1906 wani likita ɗan asalin Sifen, Joachim Carvallo, da matarsa suka sayi fadar Bilandiri, suka zuba dukiyarsu wajen farfaɗo da lambunta, wanda yau yana cikin mafi shahara a Turai. Tun 1984 kuma, kowane watan Satumba ana keɓe lokacin da ake buɗe wuraren tarihi ga jama'a, mafi yawansu kyauta, domin ɗan ƙasa ya san kayan gidansu.

Ku lura da yadda abin ya jeru. Rubutu aka fara, doka ta biyo baya, sannan ziyara ta kankama. Kuɗin baƙi daga ƙarshe suka zo.

Mu Dawo Gida

Yanzu ina roƙon ku ba ni hankalinku, domin nan ne zuciyar maganar.

Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa suka kafa Maraɗi. Daga nan aka shafe shekaru masu yawa ana gwabzawa tsakanin Katsina da Maraɗi da Gobirawan Tsibiri. Garuruwan yamma da tsakiyar ƙasar Katsina su suka fi shan hari. Mutane suka bar zaman ɗai-ɗai a karkara, suka tattaru a garuruwa masu ganuwa, suka raɓu da duwatsu.

A cikin wannan hali, a watan Maris na 1853, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje, wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zai tafi Sakkwato. Saboda tsoron mayaƙa ayarinsu bai miƙe hanya ba, sai ya ratso ta Kuraye, ya sauka a Kurfi, sannan ya wuce Zakka ya nufi Zurmi. Wannan mutum ya riga ya ga Kano, ya ga Kukawa, ya ga Agadas. Amma tsarin tsaron Kurfi ya ɗauki hankalinsa har ya zauna ya zana shi, kuma zanen ya fito a cikin littafin tafiye-tafiyensa mai juzu'i biyar da aka buga a 1857 da 1858.

Ga abin da zanen ya nuna. Baƙo ba ya faɗawa cikin gari kai tsaye. Zai fara shiga wata ƙofa ta waje, ya sami kansa a wani fili da aka zagaye da gwalalo riɓi biyu, ga bukkokin masu gadi guda uku. Daga nan sai wata mashiga ta biyu da ke ƙetare gwalalon da ya kewaye garin. Bayanta akwai ƙofa a wata kusurwa da ganuwa ta turo waje, a cikin kusurwar kuma akwai wata ƙofar, ita ce ke shigar da mutum gari. Duwatsun da Allah ya dasa a wurin an sanya su cikin lissafi, wasu a cikin ganuwa, wasu a waje. Mahayin da ya zo da sukuwa dole ya tsaya, ya karkata, ya sake karkata, duk a ƙarƙashin idon 'yan baka.

Jama'a, wannan ilimin injiniya ne, kuma kakanninku ne suka yi shi. Ba a ɗauko gwani daga Italiya ba. Bisa al'adar ƙasar Hausa, ganuwa aikin gayya ce: idan an gama kaka sai a raba wa kowace unguwa nata kason, maza su haƙa ƙasa su kwaɓa, a yi tubali, mata da yara su kawo ruwa, magina su ɗora, makaɗa suna zuga. Ramin da aka ɗebi ƙasar shi ke zama gwalalo, a dasa ƙaya da sarƙaƙiya a bakinsa. Sarkin Faransa ya gina Shambor don farauta da nuna isa. Mutanen Kurfi sun gina tasu don mace ta kwana da ɗanta lafiya. A wurina, wannan ta biyun ta fi cancantar a tuna ta.

To ina tambaya, kuma ba don in kunyata kowa ba. Cikin ɗaliban da ke zaune a nan, wa zai iya kama hannun baƙo ya nuna masa inda ƙofar nan take? Wa zai bi sawun gwalalon da ƙafa? Zanen yana ajiye a ɗakunan karatu na Turai fiye da shekara 160, kowa kuma zai iya samun littafin a intanet. Ya kamata a ce kwafinsa yana manne a bangon kowace makaranta a ƙasar Kurfi.

Kuma ba Kurfi kaɗai ba ce. Birchi, Wurma, Tsauri, Rawayau da Barkiya, kowanne yana da labarin kafuwarsa a bakin dattawa. A ƙasar Dutsin-Ma ga dutsen da aka ce mafarauci Ma ya zauna a kansa, ga Karofi da sunanta ya tafi tare da sana'ar rini, ga gulbin Karaduwa wanda aka datse a Zobe a 1983, wanda kuma tun kafin madatsar ruwansa da fadamunsa suke riƙe da garuruwa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya bi garuruwan ƙasar Katsina yana sauraron dattawa, abin da ya tara ya fito a littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981. Ya nuna mana hanya, saura mu bi.

Idan aka faɗaɗa da'irar, tafiyar yini ɗaya za ta kai ɗalibi Hasumiyar Gobarau a birnin Katsina, wadda ake danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau. Zai ga Gidan Korau da Ƙofar Soro, ya zaga ƙofofin birni: Ƙaura, Ƙwaya, 'Yanɗaka, Guga, Sauri, Durɓi da Marusa. Zai shiga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. Zai ji labarin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17. Gaba kaɗan ga Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda aka tono kaburburan manya na dā a 1907 da kuma farkon shekarun 1990, aka sami kayan ƙarfe da na ado da suka nuna ciniki da ƙasashe masu nisa. Ga kuma rijiyar Kusugu a Daura. Wanda yake da waɗannan bai rasa abin nuna wa baƙo ba.

Uzurori Uku da Amsarsu

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, nasu dutse ne, namu laka, laka kuwa ba ta jure damina. Amsa ita ce babban masallacin Jenne a Mali da laka aka yi shi, ginin da ke tsaye yanzu tun 1907 yake, domin kowace shekara mutanen gari suna fitowa ƙwansu da ƙwarƙwata su yi masa yaɓe. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 laka ce, kuma a 2013 UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin jerinta. Ginin laka kamar rumbu ne, wanda ya yaɓe nasa kafin ruwa ya sauka shi ke cin hatsinsa har wata kaka. Abin da ke cinye ganuwoyinmu ya wuce ruwan sama. Akwai masu ɗibar ƙasarsu don gini, akwai yanka filaye a kansu, akwai cike gwalalo da shara, akwai fasa duwatsun tarihi don tsakuwa. Duk waɗannan aikin hannunmu ne, hana su ma yana hannunmu.

Na biyu, wani zai ji tsoron kada girmama kufai ya kai ga abin da addini ya hana. Wannan tsoro abin girmamawa ne, malamanmu kuma suna nan za su yi mana gyara. Abin da muke kira gare shi ziyarar ɗaukar darasi ce, babu neman tabarraki, babu roƙon kowa sai Allah. Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance. Idan muka share sawunsu, me za a gani?

Na uku shi ne mafi nauyi. Za a ce muna fama da 'yan bindiga, manomi bai iya zuwa gonarsa ba, ana maganar yawon buɗe ido? Gaskiya ne, kuma ba zan raina hawayen kowa ba. Ba na cewa gobe za a ga motocin Turawa a Wurma. Amma halin da muke ciki ya ƙara wajabta wannan aiki. Duk ƙauyen da ya tashi, dattawansa sun warwatsu, wanda ya san sunan kowace rijiya da kowane kufai yana zaune a gidan haya a wani gari, ba mai tambayarsa. Idan ya rasu, ya tafi da abin da ba za a sake samu ba. Ban da haka, yaron da ya san kakanninsa sun taɓa shiga irin wannan tsanani, suka haɗa kai, suka fita, ba zai yanke ƙauna da sauƙi ba.

Abin da Ya Kamata Mu Yi

Iyayenmu sarakuna, ku ne masu ƙasa. Muna roƙon kowane dagaci da mai unguwa ya tara dattawansa a lissafa wuraren tarihin da ke yankinsa: sauran ganuwa, gurbin ƙofa, tsohuwar rijiya, marina, tsohon masallaci, maƙera, zangon fatake. A rubuta, a kai wa hakimi. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi, littafi da biro sun isa.

Shugabannin ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma da kansilolinsu, idan jerin ya samu, ku yi dokar da za ta hana ɗibar ƙasa ko yanka fili a waɗannan wurare, a kafa alluna masu bayani da Hausa, da boko da ajami. Daga nan a nemi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, su zo su duba waɗanda suka isa a ba su kariyar gwamnati.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, Allah ya kawo mana ku har gida. Ku tura ɗalibanku su ɗauki zanen Barth su bi ƙasa da shi, su auna, su fitar da taswira, su naɗi muryoyin dattawa maza da mata. Kundin kammala karatu guda a kan ganuwar gari ɗaya zai amfani jikokinmu.

'Yan'uwana malaman firamare da sakandare, ko sau ɗaya a zangon karatu ku fita da yara zuwa wurin tarihi mafi kusa, inda tsaro ya ba da hali, ku gayyato dattijon unguwa ya yi musu bayani. Gani ya kori ji. Ku kuma matasa, wayar da ke aljihunku tana ɗaukar hoto da murya. Ku fara da kakanku ko kakarku a daren yau. Attajiranmu, gyaran ƙofa ɗaya ko buga ɗan littafin tarihin gari ɗaya bai fi ƙarfinku ba. Maginanmu na gargajiya da suka san makuba da azara da bakan gizo, a nemo su tun suna raye, a haɗa su da yaran da za su koya.

Kammalawa

Faransawa sun fara lissafa nasu a 1840, bayan sun yi asarar da yawa. Mu ma mun yi asara, amma akwai sauran abin ceto, akwai kuma sauran dattawan da za a tambaya. Ina roƙon kada a watse daga wannan taro sai an naɗa 'yan kwamiti kaɗan, a ƙarƙashin iyayenmu hakimai, waɗanda za su fara tattara jerin wuraren tarihin Kurfi da Dutsin-Ma kafin damina mai zuwa, su kuma karanta wa jama'a abin da suka samu a bainar taro irin wannan.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka gina garuruwan nan da guminsu. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Katsina da Nijeriya baki ɗaya, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.